Ƙanƙarar Kwandasta

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai faci na bakin tasha ya san Tsallake. In ma bai san shi ba, to kafin a gama cika taya ɗaya Tsallake zai sanar da shi kansa. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Tankar mai ta taɓa ƙwace masa a kan gada ta faɗa kogi yana ciki, ya fito yana matse hularsa. Gareji ya kama da wuta yana kwance ƙarƙashin mota, na tsaye suka ƙone, shi gashin gira kawai ya bayar. 'Yan fashi sun huda masa cinya da harsashi, ya ja motar da ƙafa ɗaya har cikin gari. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta sai ya juya takardar sama da ƙasa, amma inji ya yi tari a ƙarshen layi zai gaya maka wane fulogi ne ke ƙarya. Sa'o'insa na tuƙi duk sun kwanta dama. Shi yana nan yana taka ƙasa kamar ita ce ta yi masa laifi.

Motarsa Shuɗiya ta girmi 'yar autarsa. Mai kafireta ce, irin wadda makanikan yanzu ke leƙa cikinta su tambayi inda ake jona mata kwamfuta. Ƙarfen jikinta in ka buga shi hannunka ne zai yi kuka. Ciwonta ɗaya ne a duniya, shi ne zafi. Wanda ya ƙera ta ya bi da bututun mai ta gefen salansa, daidai inda take fitowa daga inji tana ja kamar garwashi, ya kuma dasa famfon mai a nan kusa. In rana ta take aka daɗe a cunkoso, sai fetur ya tafasa a cikin bututun ya zama tururi. Famfo kuwa ruwa ya iya turawa, bai iya tura iska ba. Sai ya yi ta bugawa a banza, tanki cike, kafireta a bushe, mota ta mutu da ƙishirwa alhali abin sha na cikinta.

Maganin wannan a hannun matarsa yake, shi ya sa tun suna da ƙuruciya yake kiranta Kwandasta, ita kuma ta ce masa Direba. A ƙarƙashin ƙafarta jarkar ruwa take zama da wani tsohon tsumma. Kafin ma shi ya ji, ita ta ji. Za ta ce, “Direba, ta fara shessheƙa,” ya gangara gefen titi, ya ɗaga bonet, ta jiƙa tsumma ta miƙo masa ta taga, ya naɗe famfon da bututun, ta riƙa tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan har ƙarfe ya daina cuwa. Sai a tayar a wuce.

Ta sha ce masa, “Ka raba bututun nan da salansa mana mu huta. Kai da kake gyara wa mutane.”

Shi kuma ya ce, “In na gyara, ke wane aiki za ki yi? Sallamar ki zan yi ke nan.”

Haka suka tsufa, su uku.

Sai ƙodar Kwandasta ta tsaya. Likita ya ce duka biyun sun ajiye aiki, inji ne zai riƙa wanke mata jini a asibiti, kuma tun da fitsari ya ɗauke, duk ruwan da ta sha a jikinta zai zauna, ya cika ƙafa, ya hau ciki, ya kai huhu. Aka yanka mata kofi ɗaya a yini. Auta ce ta yi dabarar daskarar da shi ƙanana-ƙanana ta zuba mata a filas, ta riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya don ya kai ta dare. Wanda bai ga mai wannan ciwo ba bai san ƙishirwa ba. Matar da ta yi shekaru tana ba mota ruwa sai ga shi tana bin famfon tsakar gida da ido kamar mai kallon ɗanta a hannun wani.

Tsallake ya ɗaure famfon da waya. Ya kwashe randa ya kai ɗakin maƙwabta. Duk da haka in an ɗora ta a sikelin asibiti sai Sista, babbar nas ɗin ɗakin wankin, ta girgiza kai ta ce, “Mama, kina sha a wani wuri.” Kwandasta ta rantse. Amma Tsallake mutum ne da ya kama ɓarayin mai a tanka tun ba a haifi Sista ba. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi a jikin jarkar mota daidai inda ruwa ya tsaya. Da aka kwana biyu ya duba, ruwa ya sauka ƙasa da layi da faɗin yatsa uku.

“Ruwan mota, Kwandasta? Ruwan da tsatsa ta yi wa kala?”

“Rana ce ta shanye.”

“Rana ta buɗe murfi ta sha ta mayar ta rufe?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Can ta ce, “Daɗi gare shi, Direba. Wallahi ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.”

A gabanta ya tuntsurar da jarkar a kwata, ya jefa ta saman rufin kicin inda hannunta ba zai kai ba.

Ta ce, “In ta shessheƙa fa?”

Ya bugi ƙirji. “Ni ne fa. Hanyar asibitin nan ko ido rufe. Wanda kogi bai ci ba, bututu ne zai ci shi?”

Ranar da abin ya faru, Kwandasta ta riga ta rasa wanki ɗaya, don injin asibiti ya lalace a ranar layinta. Ƙafafunta sun zama kamar turmi, takalmi ya ƙi shiga. A zaune ta kwana, in ta kishingiɗa sai numfashi ya riƙa kurkura a ƙirjinta. An ba su layin rana, kuma dokar Sista kowa ya san ta: injuna kaɗan ne, masu jira a benci sun fi su yawa, in lokacinka ya yi ba ka nan za a jona wani, in an jona kuwa ba a cirewa sai an gama.

Da hantsi Auta ta kira.

“Baba, ka bari maigidan ya zo ya ɗauke ku. Ya ce zai nemi izini a wurin aiki. Motarsa akwai sanyi, Inna za ta fi jin daɗin numfashi.”

“Wace mota? Wannan robar da in ta ga ruwan sama take kunna fitila tana kuka?”

“Baba, yau ana rana.”

“Yau aka fara rana? Na kai uwarki asibiti a motar nan tana naƙudarki, taya ɗaya ba iska. Ki gaya wa mijinki ya zauna ya ci gaba da danna abin da yake dannawa. Da tsohuwar zuma ake magani.”

“To ba ni Inna.”

Kwandasta ta karɓa, ta saurara, ta ce, “Ƙyale shi, Auta. Kin san ubanki. In an ɗauke ni a wata mota shi za a kwantar.”

Ya ɗauko ta kamar jaririya ya zaunar a gaba, ya ɗora mata filas a cinya. Shuɗiya ta tashi bugu ɗaya, ya dube ta ya ɗaga gira, ita kuma ta taɓe baki.

Da wuri suka fita, wannan kam ba mai ɗora masa laifi. Amma a babban titi wata tirela ta kwanta ta tare hanya, motoci sun yi cirko-cirko, ba gaba ba baya. Rana ta tsaya a tsakiyar kai. Kwalta na tashi da wani irin hucin zafi, rufin mota ya zama murfin tukunya. Tsallake na kallon allurar zafi tana hawa a hankali, yana ɗan ba ta wuta don fanka ta juya. Kwandasta ta buɗe filas ta ɗauki ƙanƙara ɗaya ta sa a baki, ta lumshe ido.

Da ya samu ɗan saƙo sai ya karya sitiyari ya haye gefen titi ya faɗa tsohuwar hanyar da ta zaga ta bayan masana'antar siminti da aka rufe. Yaran yanzu ba su ma san da ita ba. Ba gida, ba shago, ba bishiya, sai doguwar katanga a hannun dama da filin tsakuwa a hagu.

“Kin gani? Su suna can suna busa ham. Direba daban, mai riƙe sitiyari daban.”

Kwandasta ta karkata kai tana saurare. Suna fara hawan tudun da ke tsakiyar hanyar ta ce, “Direba. Ta fara shessheƙa.”

“Ramuka ne.”

Shuɗiya ta yi tari. Ta zabura, ta ja baya da ƙarfinta, ta sake zabura. Ya taka totur har ƙasa, ta yi wani gurnani kamar za ta amsa, sai ta yi shiru. Suka tsaya a rabin tudu. Ya ja birkin hannu. Ba abin da ake ji sai ƙarfe na ƙas-ƙas a ƙarƙashin bonet da numfashin Kwandasta.

Ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Haka.

“Kar ka kashe batir,” in ji ta.

“Ke za ki koya mini?”

Ya fita ya ɗaga bonet, zafi ya mare shi a fuska. Ya san ciwon, amma gwani ba ya yanke hukunci da ka. Ya zare wayar fulogi ɗaya ya kusantar da ita jikin inji, ya ce ta murɗa masa kaɗan. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya tas. Ba wuta ba ce. Ya jijjiga motar ta baya, ya ji mai na kaɗawa a tanki. Ya kwance tukunyar iska ya leƙa maƙogwaron kafireta, ya ja wayar totur da hannu. Da lafiya ne zai ga fetur ya yi tsartuwa. Ko ɗigo. Ya duba 'yar kwalbar tace mai, wadda kullum take cike kamar idon mai kuka: a bushe take, sai 'yan kumfa da ke tasowa suna fashewa. Ya kai bayan yatsa jikin famfo, ya janye da sauri yana yarfewa.

“Shi ne?” ta tambaya ta taga.

“Shi ne. Mai ya tafasa.”

“To.”

Wannan “to” ɗin ta fi zagi ciwo. Hannunsa har ya tafi ƙarƙashin kujerarta da kansa, inda jarka take zama. Tsumman kawai ya samu, ya bushe ya ƙandare kamar fata.

Ciwon nan in an bar shi yana warkewa da kansa. A bar bonet a buɗe, a samu inuwa, a yi hira, ƙarfe ya huce, tururi ya koma fetur. Amma a wannan rana, ba iska ko ta kaɗa gashin kaza, sai an yi zaman da su ba su da shi. Ya cire hula ya riƙa yi wa famfon fifita. Ya duba robar ruwan goge gilashi, ta tsage tun shekarun baya. Ruwan lagireto kuwa tafasa yake, buɗe shi ma neman wata masifar ce. Ya zaga bayan bonet inda ba ta ganinsa, ya kwance tazuge, ya tsaya. Ya yi nishi, ya yi addu'a, ya yi zagi. Gumi ya riga ya kwashe komai, ga tsufa. Ɗigo biyu suka faɗa a tsakuwa.

“Me kake yi a nan?”

“Ina duba wani abu.”

“Ya zo?”

Ya ɗaure tazugensa ya fito.

Ta yi dariyar da ta koma tari. Da ta samu kanta ta ce, “Kar ka dube ni. Da ina da shi ai da ba mu kama hanyar nan ba.”

Ya ɗauko tiyo a but, ya zura a tanki, ya zuƙo fetur da baki ya tara a murfin gwangwani, ya tsiyaya a maƙogwaron kafireta. Ya shiga ya murɗa. Shuɗiya ta kama da ruri, ransa ya yi fari, ya buɗe baki zai yi kirari, ta cinye abin da aka ba ta ta mutu. Ya sake zubawa. Ta sake kamawa ta sake mutuwa. A na gaba inji ya juya a kasalance, wau, wau, kamar tsohon kare. Batir ya fara sallama.

“Kira mijin Auta, Direba.”

“Kafin ya ratso cunkoson nan na tayar da ita sau goma.”

“Kira shi dai. In ka tayar, sai ya koma.”

“Ya zo ya same ni da bonet a buɗe? Ya tsaya yana kaɗa makulli yana ce mini sannu Baba? Ba ni ɗan lokaci.”

Kamar an aiko, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Auta ce.

“Baba, kun isa?”

Ya juya wa motar baya. “Muna hanya. Mun kusa.”

“Na ji shiru. Ba ku cikin mota ne?”

“Shuɗiya ce, ba ta da ƙara. Ki bar ni in yi tuƙi.”

Ya kashe. Da ya juyo, Kwandasta na kallonsa. Leɓunanta sun yi fari sun tsattsage, kafaɗunta na hawa da sauka da kowane numfashi. Ta kawar da kai. Ta daɗe da sanin wanda ta aura.

Filas ɗin ba ya cinyarta. Ta tura shi ƙarƙashin mayafi ta rungume da hannu biyu. Ashe ta riga shi tunani, kamar kullum. Idonsa ya je wurin, ya ɗauke, ya dubi katanga, ya dubi sama, ya sake komawa. Mutumin da ya ɗaure famfo da waya, ya jefa jarka a rufi, yanzu da wane baki zai ce ta ba shi ruwanta na yini?

“Na ga idonka.”

“Ban ce komai ba.”

“Yaushe ka taɓa cewa? Ni ce dai mai miƙowa.”

Ta fito da filas ɗin a hankali ta buɗe. 'Yan ƙanƙara ne da ba su fi cikin tafi ba, suna iyo a ruwan da suka fara zama. Ta daɗe tana kallonsu. Ta zaɓi mafi ƙanƙanta ta sa a baki.

“Wannan ladan kwandasta ne,” ta ce da shi a kunci. “Ungo. Kar ka zubar ko ɗigo, in ka zubar ban yafe ba.”

Nan fa aka ga aiki. Wani da ya samu ruwan nan watsa shi zai yi a inji gaba ɗaya, ya tashi a tururi, a zauna ana kallon juna. Tsallake ya fara jiƙa tsumman da ruwan da ya narke har ya yi laushi. Ya jera ƙanƙarar a ciki, ya naɗe kan famfon, ya ja jelar tsumman ya bi da ita jikin bututun daidai inda ya gogi salansa. Ƙarfe ya yi cuuu. Ya riƙe da tafinsa yana dannawa, zafi na cin gefen hannunsa, sanyi na cin tsakiya, bai saki ba. Ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasan mota yana faɗawa a tsakuwa yana ɓacewa nan take. Ta cikin tsagar bonet yana hango Kwandasta ta leƙo da kai ta taga tana kallon inda ɗigon ke sauka.

Da cuwar ta lafa ya taɓa famfon. Ɗumi kawai. Ya cire bakin bututun daga kafireta ya sa a nasa bakin ya zuƙa. Iska mai ɗaci. Ya sake zuƙa har kunnuwansa suka yi ƙara. Sai fetur ya cika masa baki, mai sanyi, mai nauyi. Ya tofar, ya mayar da bututun, ya ɗaure. 'Yar kwalbar ta cika.

Bai yarda ya taɓa batir ba. Ya rufe bonet, ya shiga, ya buɗe makulli, ya sa giyar baya, ya taka kuloci, ya saki birkin hannu. Shuɗiya ta fara gangarawa da baya, a hankali, sannan da sauri, katanga na wucewa ta gefensu. Ya ɗaga ƙafa. Motar ta yi wata girgiza har kan Kwandasta ya bugi kujera, ta yi tari, ta kama. Ya ba ta wuta, ta amsa da muryarta ta asali.

“Wa ya ce ba ni ba!” Ya daki sitiyari. “Kogi ya gwada, wuta ta gwada! Kwandasta, kin gani?”

“Ba ni tsumman.”

“Duk baƙin mai ne da fetur.”

“Ba ni.”

Ya miƙa mata. Ta sa gefen da ya fi danshi a baki ta riƙa tsotsa, idonta a rufe. Bai sake dubanta ba har suka haye tudun. Ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi.

A ƙofar ɗakin wankin ya tsaya, ya bar motar a karkace, ya ɗauko ta a hannu ya shiga yana kiran a ba shi hanya. Sista ta taso. Ta dubi Kwandasta, ta dubi agogon bango, ta dubi gadon ƙarshe. Wani mutum ne kwance a kai, wanda suka saba gani a benci yana jiran gurbi, jininsa ya riga ya cika tiyo yana zagawa.

“Baba, na jira ku. Wallahi na ƙara muku a kan doka. Na ce ko kun fasa ne.”

“Cire shi.”

“Ba a cirewa.”

“Kin san ko ni wane ne? Kin san abin da na yi a hanyar nan? Mota ta mutu murus, ba ruwa, ba kowa...”

“Baba, ajiye ta a nan. A kawo iska!”

Aka kwantar da ita a jingine, aka sa mata robar iska a fuska. Sista ta ce in an sauke na rana, ita ce ta farko, ko wa ke layi. Sai dai ta daure zuwa yamma. Ta faɗi haka tana kallon ƙafafun Kwandasta, ba ta kalli Tsallake ba.

Ba a daɗe ba Auta ta shigo da mijinta, don Sista ta kira ta tun da ta ga shiru. Daga can ƙarshen gari suka taso, ta wata hanya, rigar surukin ko gumi babu. Ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, “Baba, me ya faru?”

“Mai ne ya tafasa a bututu. Ka san irin motocin nan, famfonsu...”

“Ka ce mini kun kusa,” in ji Auta.

“Ai mun kusa ɗin.”

Ta zare tsumman daga hannun uwarta, ta juya shi, ta shinshina. Ta buɗe filas ta ga wayam. Ta buɗe baki, Kwandasta ta kama mata hannu ta girgiza kai. Sannan ta janye robar daga fuskarta ta yafito shi. Ya sunkuya.

“Ka ɗaga mata bonet?”

“Bar wannan maganar.”

“In ba ka ɗaga ba... zafi zai taru... ba za ta tashi da yamma ba. Da me za ka mai da ni gida?”

“Yanzu zan je.”

“Je ka. Kana tsaye a kaina kamar mai gadi.”

Ya fita. Ya gyara wa Shuɗiya tsayuwa a gindin katanga inda inuwa ta fara sauka, ya ɗaga bonet ya tokare. Daga nan ya wuce bakin ƙofar asibiti yana tambayar masu shaguna ƙanƙara. Na farko ya ce ba wuta tun safe. Na biyu ya ce ta ƙare. Sai da ya tsallaka titi ya samu wata mai sayar da lemo ta fasa masa guntu daga wadda take sanyaya kayanta, ta ƙulla masa a leda. Ya dawo da sauri yana riƙe da ita nesa da jikinsa don kar ta narke.

Ya tarar an ja labule. Surukin na tsaye a waje, ya haɗa kai da bango. Daga ciki muryar Auta ce ke fita, ba da ƙarfi ba. Injin gadon ƙarshe na ci gaba da juyawa.

Tsallake ya zauna a bencin masu jira, ledar a hannunsa. Ba wanda ya ce masa ya ajiye. Tana ɗiga a kan takalminsa har ta zama ruwa.

Bayan an share makoki, mutane sun watse, ya fito da akwatin sifanunsa. Ya kwance bututun mai tun daga tanki, ya lanƙwasa sabo ya bi da shi ta ɗaya gefen injin, nesa da salansa, ya naɗe shi da igiyar buhu. Ya yanko faifan gwangwani ya kafa tsakanin famfo da salansa ya zama garkuwa. Ya sassaƙa katako mai kauri ya sa a ƙarƙashin kafireta don zafin inji ya daina hawa mata. Aikin bai kai shi la'asar ba. Da ya gama ya fita da ita da tsakar rana, ya nemi cunkoso da gangan ya shiga, ya zauna a ciki har rigarsa ta jiƙe, sannan ya bi ta bayan masana'antar siminti ya haye tudun nan a giya ta uku. Ko tari ba ta yi ba. Har yau ba ta sake yi ba, kowa a tasha shaida ne.

Auta ba ta ƙara shiga motar ba. In ta zo gaishe shi, ta gefen katanga take rabawa ta wuce, kamar Shuɗiya na cizo. Ya ce yaran zamani ne, ba su san darajar ƙarfe ba.

Yana nan a bencin mai faci. In baƙo ya zauna zai ji labarin gada, da na gobara, da na harsashi, sannan ya ji na ranar da mota ta mutu a bayan masana'antar siminti, ba ruwa ba inuwa, batir ya kwanta, aka tayar da ita da ƙanƙarar da ba ta cika tafi ba. “A nuna mini wanda zai iya a garin nan,” yakan ce. “A nuna mini shi in ba shi makullin.” In baƙon ya tambaya ina aka samu ƙanƙara a irin wannan wuri, sai mai faci ya tayar da injin iskarsa, maganar ta bi ƙara.

Jarkar kuwa ya sauko da ita daga rufi. Ya wanke ta, ya cika ta daidai layin da ya ja da ƙusa, ya mayar da ita gaba, a ƙasan kujerar da ba kowa. Motar ba ta bukatarta yanzu. Amma kullum da safe kafin ya murɗa makulli sai ya sunkuya ya ɗago ta ya duba a haske. Ruwan na nan a kan layi.